Tarihin Rufin Bayan A-kori-kura a Amurka

Tun daga 1925, shekarar da kamfanin Ford ya fitar da motar Model T mai buɗaɗɗen baya a kan dala 281, manoma da 'yan kasuwar Amurka ke neman hanyar kare kayansu daga ruwan sama da ƙura da ɓarayi. Da fari tamfol suke ɗaurewa da igiya, dabarar da suka gada daga zamanin keken doki, wadda ba ta da tsada, sai dai iska kan yaga tamfol ɗin idan mota ta ɗauki gudu. Daga baya aka samar da rufin leda mai kauri da ake maƙalawa da maɓallai, sannan murfin faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar cikin ƙaro, wanda yake kulluwa amma yana hana ɗora kaya masu tsayi. Rufin alminiyam mai naɗewa ko ninkewa ne ya kawar da wannan cikas, kuma shi ya fi dacewa da direban da yau buhunan hatsi zai ɗauka, gobe kuma katako ko firiji.