Yadda kiɗan drum and bass ya yi duhu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifikar DJ a gidan biki, a Garou ne ko a Malanville, ya san akwai amon da ƙirji ke fara ji kafin kunne. In za mu bi sawun wannan amo, sai mun koma Jamaika ta shekarun 1950, inda su Duke Reid da Coxsone Dodd ke jibge manyan lasifikoki a unguwannin Kingston, talakawa su kwana suna rawa. Zuwa farkon shekarun 1970, King Tubby ya fara zare muryar mawaƙi daga faifai, ya bar ganga da gurnanin jita su ci karensu babu babbaka.

Jamaikawan da suka yi ƙaura zuwa Ingila tun daga 1948 da al'adarsu suka tafi. 'Ya'yansu da abokan tasowarsu ne suka ɗauko wani guntun bugun ganga, kimanin daƙiƙa 7, daga faifan "Amen, Brother" na ƙungiyar The Winstons na 1969. Suka daddatsa shi da na'ura, suka ƙara masa gudu har ya haura bugu 160 a minti, suka ɗora shi kan gurnani mai tafiyar hawainiya. Abin da ke sosa rai, Gregory Coleman da ya buga gangar ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, ko sisi bai samu ba.

A lokacin, jungle ake ce wa kiɗan. Ya nuna ne a daren Rage na gidan rawar Heaven a Landan, a hannun DJ Fabio da Grooverider, rediyon ɓoye na Kool FM da aka buɗe a 1991 kuma ya kai shi ɗakunan matasa.

Duhun ya shigo ne wajen 1992, lokacin da armashin gidajen rawa ya fara gushewa saboda gurɓatattun ƙwayoyi da matsin 'yan sanda. Goldie ya fitar da "Terminator" a shekarar. A 1994 Ray Keith ya aro gurnanin da Kevin Saunderson na Detroit ya ƙirƙira a 1988, ya zuba shi a "Terrorist", shekarar da gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar murƙushe tarukan rawa marasa izini.

Zamanin da muka fi kewa shi ne na daren Lahadi a gidan rawar Blue Note, dandalin Metalheadz, kamfanin faifan su Goldie. DJ kan kai sabon kiɗa a yanka masa a faifai guda tak, wanda ke sudewa bayan 'yan juyi kaɗan. Ba a sayar da shi a ko'ina. In kana son ji, dole ka zo da ƙafarka, ka shiga cunkoso, gumi na tsiyaya, jama'a na ihu a maido shi farko. Wannan ƙishirwar ce ta raya sana'ar.

Roni Size na Bristol ya ci kyautar Mercury a 1997, Ed Rush da Optical suka ƙara wa amon kauri da "Wormhole" a 1998. Daga 2001 na'urar CDJ-1000 ta Pioneer ta fara ture faifai daga teburin DJ, filash kuma ya zo ya ƙarasa shi.