Shugaban jami'ar da bai bar filin wasa ba

A arewacin jihar Luwiziyana ta Amurka akwai wani ƙaramin gari, Grambling, inda aka kafa makarantar baƙar fata a 1901. A lokacin dokar wariyar launin fata ta hana ƴaƴan baƙaƙe zama aji ɗaya da na farare a kudancin ƙasar. Tarihin ƙungiyar besbol ta wannan makaranta, wasan da ake bugun ƙwallo da sanda, kusan tarihin mutum biyu ne.

Na farko shi ne Ralph Waldo Emerson Jones. Ya zo a 1926 yana saurayi, malamin lissafi da kimiyya. Ma'aikata ba su da yawa, don haka ya ɗauki horar da ƴan wasa a kan aikin aji. A 1936 aka naɗa shi shugaban makarantar, amma bai ajiye sandar ba. Da safe yana ofis, yana neman kuɗin gina azuzuwa daga hannun hukumomin farare, da yamma kuma yana fili tare da yara. Haka ya riƙe ayyukan biyu har ya yi ritaya a 1977, bayan ya ci wasanni fiye da 800. Ɗalibai suna ce masa "Prez", wato shugaba. Shi ne kuma ya ɗauki Eddie Robinson a 1941, wanda ya zama mashahurin kocin ƙwallon Amurka.

Lokacin da Jones ya fara, babbar gasar ƙwararru a rufe take ga baƙar fata. Sai a 1947 Jackie Robinson ya buɗe ƙofar, kuma yaran Grambling suka same ta a shirye. Tommie Agee ya zama gwarzon sabbin ƴan wasa na rukuninsa a 1966, sannan a 1969 ya taimaki New York Mets ta ɗauki kofin ƙasa, inda ya cafke ƙwallo biyu masu wuya a wasa ɗaya. Ralph Garr kuwa, a shekararsa ta ƙarshe a makaranta, 1967, yana samun bugu kusan 6 cikin 10, a wasan da mai samun 3 ake kira gwani. A 1974 ya fi kowa iya bugu a rukuninsa yana wa Atlanta Braves wasa.

Mutum na biyu shi ne Wilbert Ellis. Ya yi wasa a hannun Jones, ya zama mataimakinsa shekara da shekaru, sannan ya gaje shi, ya riƙe ƙungiyar har 2003 da nasara fiye da 700. Wato cikin shekara 77 koci biyu kaɗai ƙungiyar ta gani. Yau filin wasan yana ɗauke da sunayensu duka biyu.

Agee da Garr ƴan ƙalilan ne. Galibin waɗanda suka bi ta filin ba su ci abinci da wasa ba, takardar karatu ce ta riƙe su. Iyaye da yawa a nan suna ganin ƙwallo abokin gabar boko ne, su hana yaro fita fili. A Grambling a zamanin Jones, wanda ke riƙe da sakamakon jarrabawa shi ne ke zaɓen mai shiga wasa, yaro kuma ya san haka. Malamai, a makarantarku wa ke tsayawa da yara a fili bayan an tashi?