Kiranyen motocin Toyota a Amurka (2009-2014): lahanin mota ko hannun siyasa?

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna son mu koma kan wata rigima da ta tashi a ƙasar Amurka daga ƙarshen shekarar 2009, sa'ad da kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya kira miliyoyin motocinsa domin a gyara su, hukumomin Amurka kuma suka tasa shi gaba da bincike. Tun a lokacin an samu masu cewa binciken ba don kare ran masu mota kaɗai aka yi shi ba, akwai wata manufa a ɓoye. Tambayar da za mu bi ke nan: me tarihi ya tabbatar daga cikin wannan zargi, me kuma ya kasa tabbatarwa?

Kafin mu shiga, sai mun daidaita da mai karatu a kan kalma ɗaya. Abin da Faransanci ke kira rappel, watau kamfani ya sanar da masu kayansa su maido su a gyara kyauta saboda wani lahani, ba shi da tsayayyen suna a Hausa. Mun ari kalmar "kiranye", wadda ƴan jaridar Nijeriya ke amfani da ita idan jama'a suka nemi ɗan majalisarsu ya dawo gida. Mun san aron yana ɗauke da ƙanshin siyasa, amma za a ga cewa hakan bai yi nisa da batunmu ba.

1. Yadda abin ya faru

Ranar 28 ga Agustan 2009, kusa da birnin San Diyego na jihar Kaliforniya, wani ɗan sandan hanya yana tuƙa iyalinsa cikin wata Lexus, ƙirar Toyota, wadda dillali ya ara masa. Totur ya maƙale, motar ta riƙa ƙara gudu har ta haura kilomita 160 a awa, burki bai riƙe ba. Surukinsa da ke baya ya kira lambar agajin gaggawa, aka naɗi muryarsa har lokacin da suka yi karo. Mutum huɗun duka suka mutu. Bincike ya nuna an saka wa motar shimfiɗar ƙafa ta roba wadda ba tata ba, ita ce ta danne toturin. Gidajen rediyo da talabijin suka yi ta maimaita wannan murya, kuma a ganinmu babu wani rahoton injiniya da ya yi tasirin da ta yi.

A kaka ta 2009 Toyota ta yi kiranyen motoci kimanin miliyon 3,8 saboda shimfiɗar. Ranar 21 ga Janairun 2010 ta ƙara kiran miliyon 2,3 saboda wani lahani dabam: toturin kansa, wanda kamfanin CTS na jihar Indiyana ke ƙerawa, yakan yi nauyin dawowa idan an ɗaga ƙafa. Bayan kwana biyar ta dakatar da sayar da samfuri takwas, cikinsu har da Camry da Corolla. A Fabrairu aka ƙara da burkin Prius. Jimillar motocin a duniya ta wuce miliyon 8. Ranar 24 ga Fabrairun 2010 Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya zauna gaban wani kwamiti na majalisar wakilan Amurka ya ba da haƙuri.

2. Tushen zargi

Zargin bai faɗo daga sama ba. A shekarar 2008 Toyota ta ƙwace matsayin kamfanin da ya fi sayar da motoci a duniya daga hannun General Motors, wanda ya riƙe shi shekara 77. A watan Yunin 2009 General Motors ya karye, gwamnatin Barack Obama ta zuba masa kuɗi, jimillarsu da abin da gwamnatin Bush ta fara bayarwa ta kusa dala miliyar 50, baitulmalin Amurka ya zama mai kashi 61 bisa 100 na kamfanin. Gwamnati ta kuma sami ɗan kaso a Chrysler. Asusun lafiyar ƴan fansho na ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan motoci, UAW, wadda ƙawar jam'iyyar Demokrat ce ta daɗe, ya sami babban kaso a kamfanonin biyu. Masu ba'a suka juya haruffan GM suka ce Government Motors, watau motocin gwamnati. Ke nan hukumar NHTSA, mai kula da lafiyar motoci a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, tana binciken abokin gasar wani kamfani wanda gwamnatin da take yi wa aiki ta mallaka. Alƙali ne ke da rumfa a kasuwar da ake shari'arta.

Wasu abubuwa suka ƙara wa wutar mai. A rani na 2009 gwamnati ta biya tallafi ga masu musanya tsofaffin motoci da sababbi, da fatan farfaɗo da masana'antar gida, sai ga shi Toyota ce ta fi kowa ciniki a shirin, Corolla kuma ta zo ta ɗaya. A shekarar ce Toyota ta sanar za ta rufe masana'antar NUMMI ta garin Fremont a Kaliforniya, bayan General Motors ya janye daga haɗin gwiwar. Ita kaɗai ce masana'antar haɗa motocinta a Amurka da ke da ƴan UAW, ma'aikata kimanin 4.700. Da kiranyen Janairu ya fito, General Motors bai ɓata lokaci ba ya yi tayin rangwamen dala 1.000 ga duk mai Toyota da ya komo wurinsa. A Japan kuwa wasu sun haɗa maganar da saɓanin da ke tsakanin gwamnatin Yukio Hatoyama da Washinton a kan sansanin sojan Futenma na tsibirin Okinawa.

Sai kuma maganar minista. Ranar 3 ga Fabrairun 2010 ministan sufuri Ray LaHood ya faɗa a gaban ƴan majalisa cewa shawararsa ga mai irin waɗannan motoci ita ce ya daina tuƙa ta, ya kai ta wurin dillali. Hannun jarin Toyota ya faɗi nan take. Kafin yamma ya fito ya ce suɓutar baki ce. Ga mai nazarin harshe wannan wuri yana da ban sha'awa, domin jimlar umurni ce da aka lulluɓe da rigar shawara, kuma ta fito daga bakin wanda ke da ikon hana motar hawa titi. Ko da niyya ko babu, aikin da magana irin wannan ke yi ba ya janyuwa da neman afuwa.

Akwai kuma tsohon tarihi da Japanawa ba su manta ba: ƙayyade shigar motocinsu a kan miliyon 1,68 a shekara daga 1981, kisan Vincent Chin, Ba'amurke ɗan asalin Sin, a yankin Detroit a 1982, wanda wasu ma'aikatan motoci biyu suka yi wa duka lokacin da ake ɗora wa Japan laifin rashin aiki, da barazanar gwamnatin Clinton a 1995 ta ɗora harajin kashi 100 bisa 100 a kan manyan motocin alfarma na Japan. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wani abin lura shi ne waɗanda suka fi ɗaga muryar zargin a hukumance ba Japanawa ba ne. Gwamnonin jihohi huɗu ne na Amurka, Kentaki da Indiyana da Misisipi da Alabama, suka rubuta wa majalisa a Fabrairun 2010 suna cewa gwamnatin tarayya tana da maslaha a cikin rigimar, don haka a yi wa Toyota adalci. Dukkansu suna da masana'antun Toyota a jihohinsu, ko wadda ake ginawa. Watau masu zargin son rai su ma suna da nasu son ran. Wannan bai rushe hujjarsu ba, amma ya nuna cewa kalmar "baƙon kamfani" ta riga ta tsufa: toturin da ake magana a kai a Indiyana kamfaninsa yake, Camry kuwa a Kentaki ake haɗa ta.

3. Abin da ya fito daga baya

A nan dole mu raba abu biyu da aka cakuɗa a 2010. Na farko shi ne tsoron cewa akwai wani ɓoyayyen lahani a kwamfutar motar da ke sa ta zabura da kanta. Wannan ne ya fi cika zaman majalisa da talabijin. Ma'aikatar sufuri ta gayyato injiniyoyin hukumar sararin samaniya NASA, suka yi wata goma suna bin layukan manhaja sama da 280.000. Ranar 8 ga Fabrairun 2011 LaHood da kansa ya sanar cewa ba a sami lahanin lantarki da ke haddasa irin wannan gudu ba. Abin da aka samu shimfiɗa ne, da totur mai nauyi, da kuma direbobin da suka taka totur suna zaton burki ne. Haka aka yi da Audi, kamfanin Jamus: bayan wani shirin talabijin na 1986 cinikinsa a Amurka ya rushe, a 1989 kuma NHTSA ta ce yawancin haɗurran kuskuren ƙafa ne. Masu zargin siyasa suka ce ga shi nan, gaskiya ta yi halinta. Sai dai a lura, gwamnatin da ake zargi ce ta biya binciken, ta kuma bayyana sakamakon da ya wanke Toyota ta wannan fuska, alhali tana riƙe da kaso a General Motors. Kuma maganar manhajar ba ta mutu sarai ba, tun da a 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa kamfanin alhakin wani haɗari bisa shaidar masana manhaja.

Abu na biyu shi ne ko Toyota ta ɓoye abin da ta sani. A nan hujja ta yi mata nauyi. Tun 2007 an yi ƙorafi a kan shimfiɗar, kamfanin ya shawo kan NHTSA aka tsaya ga kiranyen shimfiɗu 55.000 kurum, ba motoci ba. Wata takardar cikin gida ta Yulin 2009, wadda ta faɗa hannun majalisa, ta lissafa wannan a jerin nasarori, ta ce an tsimi dala miliyon 100. Bambanci tsakanin "kiranyen kaya" da "kiranyen mota" kalma ɗaya ce, amma ga farashinta nan. An kuma gano cewa tsofaffin ma'aikatan NHTSA da Toyota ta ɗauka aiki su ne ke tattaunawa da tsohuwar hukumarsu. Matsalar totur mai nauyi kuwa kamfanin ya san da ita a Turai tun kafin ya faɗa wa Amurka, alhali doka ta ba shi kwana biyar na aiki. A kan haka aka ci shi tarar dala miliyon 16,4 a Afrilun 2010, wadda ita ce iyakar abin da doka ta yarda a lokacin, aka ƙara miliyon 32,4 a Disamba. Ranar 19 ga Maris 2014 Toyota ta amince da biyan dala miliyar 1,2 ga ma'aikatar shari'a, ta kuma sa hannu a kan takardar da ta amsa cewa ta yaudari masu sayen motocinta. A ranar gwamnatin Amurka ba ta da ko hannun jari ɗaya a General Motors. Ta sayar da na ƙarshe ranar 9 ga Disamban 2013.

Wannan ya isa ya kawar da zargin a siffarsa mai tsauri, watau cewa an ƙirƙiri laifi. Kafin 2009 ma, idan akwai abin da za a tuhumi NHTSA da shi game da Toyota, sassauci ne. Muna iya cewa wani ɓangare na zafin 2010 zafin hukuma ce da aka kama tana gyangyaɗi, da na ƴan majalisar da zaɓe ke jira a watan Nuwamba. Wannan ma siyasa ce, amma ba irin wadda gwamnonin huɗu suka nufa ba.

4. Makullin General Motors

Inda zargin ya sami sabon ƙarfi shi ne a 2014. A watan Fabrairu, wata biyu bayan baitulmali ya fita, General Motors ya fara kiranyen ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt, har suka kai kimanin miliyon 2,6. Ramin makullin motar yana da sanyin riƙo: nauyin tarin makullai ko bugun gwiwa yakan juya shi, injin ya mutu ana cikin tafiya, jakar iska kuma ta ƙi buɗewa. Injiniyoyin kamfanin sun san da matsalar shekara goma kafin nan. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. NHTSA ta duba ƙorafin jakar iskar Cobalt a 2007, ta sake dubawa a 2010, sau biyun ba ta buɗe bincike ba. Shekarar 2010 ita ce shekarar da Toyoda ke ba da haƙuri a majalisa.

Mu kam a nan muke ganin tambayar ta fi cancanta. Tarar da ma'aikatar shari'a ta ɗora wa General Motors a Satumban 2015 dala miliyon 900 ce, ƙasa da ta Toyota, duk da yawan mamatan da aka amince da su. Masu gabatar da ƙara sun ce saboda kamfanin ya ba su haɗin kai da wuri. Amma dole mu faɗi abin da ke rage wa wannan hujja kaifi: duban farko na 2007 ya faru a zamanin Bush, shekara biyu kafin gwamnati ta mallaki komai, kuma a shekarar ce hukumar ta sassauta wa Toyota. Rauninta ya shafi na gida da baƙo. Abin da ya bambanta su shi ne murya ɗaya da aka naɗa a Kaliforniya, da lokacin da ta fito, da kuma cewa babu ɗan majalisar Mishigan da zai rasa ƙuri'a don ya tsananta wa Toyota.

Toyota dai ta sake komawa matsayi na ɗaya a duniya a 2012, bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 ta gusar da ita na shekara guda. Wasu daga cikin Camry da Corolla na waɗancan shekaru kuma sun bi jirgin ruwa zuwa Kwatano da Lome, suka hauro Maraɗi da Yamai a matsayin motocin hannu. Wasiƙar kiranye tana zuwa ne ga adireshin da aka yi wa mota rajista a Amurka, ba ta bin ta tsallaken teku.