Anza: ana cin ƴaƴanta, amma sai an jiƙa ƙwayar

Anza, wadda wasu ke kira hanza, ƙaramar itaciya ce da ke tsirowa da kanta a dajin Zinder, Maraɗi da Tahoua. Masana tsirrai na kiranta Boscia senegalensis. Ganyenta na zama kore ko da rani, kuma ƴaƴanta, wato dilo, na nuna ne wajen faɗuwar damina, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.

Idan ɗan ya nuna ya yi rawaya, ana tsotse zaƙinsa ba matsala. Haɗarin yana cikin ƙwayar. Tana da ɗaci ƙwarai saboda sinadarin glucocapparine, kuma cinta ɗanya ko ba ta gama jiƙuwa ba na kawo ciwon ciki, amai da zawo, musamman ga yara.

Mata kan shanya ƙwayar su ɓare ta, su jiƙa ta kwana 3 zuwa 7 suna zubar da ruwan kowace rana, har ɗacin ya fita, sannan a dafa ta kamar wake ko a niƙa gari. Aikin na cin ruwa sosai. Inda rijiya ke da nisa kuma yunwa ta matsa, kamar a ƙarancin cimakar 2005, nan ake gajarta jiƙon. Ruwan jiƙon ma a nisanta shi da yara da bisashe.

Sunan "abincin yunwa" ya ɗan zalunce ta. A Zinder, kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa ta yana sayarwa. Kafin a ɗora tukunya dai a ɗanɗana ƙwaya guda: in da sauran ɗaci, a mayar da ita ruwa.