Fassara da Rikicin Iko Tsakanin Katolika da Furotesta a Ƙarni na 16

Saɓanin da ya raba Kiristocin Yammacin Turai a ƙarni na 16 ya bayyana ƙarara a fagen fassara. A 1522 Martin Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, inda ya sanya kalmar da ke nufin "kaɗai" a Romawa 3:28, don ya nuna cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum. Malaman Katolika suka ce babu wannan kalma a matanin Girkanci, kuma gaskiyarsu ne. A 1530 Luther ya amsa cewa tsarin Jamusanci ne ya buƙace ta. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar harshe, sai dai aƙidarsa ma ta sa hannu.

William Tyndale kuwa, a fassararsa ta Ingilishi ta 1526, ya mayar da eklesiya (tushen "ikilisiya" ta Hausa) taron masu bi, presbuteros kuma dattijo maimakon firist, zaɓin da ya girgiza matsayin limaman coci. An kashe shi a 1536 bisa tuhumar bidi'a. A 1546 Majalisar Trent ta tabbatar da Bulgata, fassarar Latin, ta kuma keɓe wa Ikilisiya ikon yanke hukunci kan ma'anar Nassi.