Abin da Kwamfuta Ta Kasa Yi wa Toy Story

A 1972, Ed Catmull, ɗalibi a Jami'ar Utah ta Amurka, ya zana surar hannunsa na hagu a kwamfuta, ya sa yatsun suna motsi. Kafin wannan dabara ta kai ga cikakken fim, sai da aka shekara 23.

Pixar, sashen Lucasfilm da Steve Jobs ya saya a 1986, da sayar da kwamfutoci ya fara, kasuwa kuwa ta ƙi. Na'urorin lokacin ba sa fitar da fatar mutum da gashi yadda ido zai yarda, komai sai ya fito sumul kamar roba. Wannan gazawa ta dace da labarin kayan wasan yara.

Sai dai na'ura ba ta gyara labari. A Nuwamban 1993 aka nuna wa Disney daftarin fim ɗin, aka tarar jarumin, Woody, mugu ne, aka dakatar da aiki. Da aka sake rubutu, sai ya koma mai tsoron kada sabon zuwa ya ƙwace masa gurbi, tsoron da duk yaron da aka yi wa ƙane ya sani. Wannan kishin ne ya kama yara da iyayensu a 1995.