Iyakar Kare Kai a Shari'ar Nijeriya ta Arewa: Daga Muhtasar zuwa Dokar 1959

Tun da daɗewa malaman shari'a sun yarda mutum yana da ikon ture wanda ya kawo masa hari. Wahalar tana wajen iyaka, watau inda kariya ta ƙare, ramuwa ta soma. Hausa kanta ta raba biyun, gama ana karewa ne sa'ad da sharri ke tafe, ana ramawa bayan ya wuce. A kan bambancin nan ran wanda ke tsaye gaban alƙali yake rataye.

Bayan jihadin 1804 alƙalan ƙasar Hausa da littattafan Malikiyya suke hukunci, musamman Muhtasar na Halilu. A cikinsa mai kawo hari sunansa sa'ili, an kuwa halatta ture shi ko a kan dukiya ne, amma bisa sharuɗɗa uku. Na fari, a yi masa gargaɗi in mai fahimta ne. Na biyu, kada a nufi kashe shi sai an sakankance ba zai kau ba sai da haka. Na uku, wanda ke iya gudu ba da wahala ba, bai halatta ya yi masa rauni ba. Sa'an nan ga batun shaida. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi hukuncin mutumin da amale ya taso masa ya kashe shi: in yana da shaidu ba biya, in kuwa bakinsa ne kaɗai sai ya biya raƙumin.

Amma kisa a Malikiyya iri biyu ne, ganganci da kuskure. Wanda ya zarce iyaka ya faɗa cikin ganganci, ransa yana hannun magadan mamaci. In sun nemi ƙisasi a kashe shi, in sun yafe a yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara 1.

Da Turawa suka ci ƙasar sai suka bar alƙalai bisa aikinsu, suka kuma kafa tasu dokar laifuffuka a 1904. Saboda haka laifi guda ya zama yana da hukunci biyu, gwargwadon kotun da aka kai mutum. Abin ya fito fili a 1947, sa'ad da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da majalisar Sarkin Gwandu ta yanke, don a dokar Turawa tsokanar da aka yi wa mai kisan ta isa ta sassauta laifinsa. Shari'ar nan ba ta kare kai ba ce, amma ta nuna inda dokokin biyu suka rabu: ɗaya tana da mataki tsakanin kisa da saki, ɗaya ba ta da shi.

Da mulkin kai ya gabato, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958, shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. A cikinsa akwai Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Ingila, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa, Babban Alƙalin Bida. Suka ba da shawara a bi tsarin dokar Sudan, wadda asalinta dokar Indiya ce ta 1860. Majalisa ta zartar da Final Kod a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960.

Sashe na 59 zuwa 67 su ne suka tsara kare kai. An ba mutum ikon kare jikinsa da na wani, da kuma dukiya. An hana shi yin cutar da ta wuce bukata, an kuma ɗauke masa ikon muddin akwai sararin neman agajin hukuma. Kariya ba ta kai ga kisa sai a wuraren da aka lissafa, kamar tsoron mutuwa ko mugun rauni, da fyaɗe, da satar mutum, da fashi, da fasa gida da dare, da sa wa gidan zama wuta.

Wanda ya gwada waɗannan da Muhtasar zai ga tushen ɗaya ne, watau gwargwado. Halilu ya tambayi mai kariya ko yana da hanyar gudu, dokar 1959 ta tambaye shi ko yana da hanyar kiran hukuma. Tambayar biyu kuwa nauyinta ba ɗaya ba ne ga mazaunin birni da manomin da ke nesa da ɗan doka.

Sabon abu na ainihi yana sashe na 222(2). Wanda ya zarce iyaka da kyakkyawar niyya, ba da shiri ba, kuma bai nufi cutar da ta wuce bukata ba, laifinsa kisan kai ne wanda ba a kashe mutum a kansa, sai ɗauri ko tara. Da wannan ransa ya fita daga hannun magada ya koma ga ma'aunin alƙali. Nauyin da aka ɗora wa alƙalin kuwa shi ne ya auna, yana zaune cikin natsuwa, abin da wani ya aikata cikin firgita da ƙiftawar ido.